Tsinken Ƙarfe a Haƙorin Inna

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara lafiya da rufin asiri. Mu nan kalau, in ban da bakina da ya sake ja mana magana.

Kin san ana yi wa Inna wankin jijiyar haƙori. To, ɗan tsinken ƙarfen da ake sharar ramin da shi ya karye a ciki. Kafin ranar cirewa na duƙufa karatu a waya, na ga cewa na'urar da ke girgiza guntun don ya fito tana zafi, in ba ruwa sai ta ƙona ƙashin da ke riƙe da haƙorin. Na shiga ɗakin ina jin kaina rabin likita. Ina ganin likitar ta kashe ruwa ta kunna na'ura, na miƙe na ce za ta dafa mana uwa da ranta, wai a kasuwa ta sayi takardarta? Inna ta zabura, likitar ta janye hannu da sauri.

Ko murya ba ta ɗaga ba, Yaya. Ta ce ruwa na rufe mata gani ne, shi ya sa take taɓawa kaɗan, ta tsaya, ta sanyaya, sannan ta koma. Ta ce abin da na karanta gaskiya ne, sai dai ban kai ƙarshen shafin ba. Inna na kwance, baki a wangale da roba, ba halin tsawata min, sai hawaye ke gangarawa cikin kunnenta. Ta kasa natsuwa, dole aka rufe ramin aka ɗage aikin.

Yanzu guntun na nan, haƙorin na zogi, in aka daɗe haƙorin za a cire gaba ɗaya. Inna ta ce da wane ido za ta kalli baiwar Allahn nan? Na je na ba da haƙuri, likitar ta ce ya wuce, amma Inna ta ƙi komawa. Don Allah ki kira ta, maganarki take ji. Ki ce mata Autanmu zai raka ta, ni a bakin ƙofa zan zauna ina gadin takalmanta, wayata a aljihun Auta.

Ki gaida maigida, da Goggon yara, da takwarar Inna. Kada ki ba su labarin nan.

Ƙaninki,
wanda kike kira Barkono