Wardin Kan Layi na Sha Bakwai

Zuwa ga Tobias, tsohona mai kunnuwa kamar ganyen kabewa, inuwata a zafin Fabrairu, zumar da ta rage mini a gindin tulu, ruwan farko bayan dogon rani!

Ni ce Lenie, MATARKA. Na rubuta shi da manyan baƙaƙe ne don nas ɗin da za ta karanta maka ta ɗaga murya a wurin, tunda ran Lahadi da na zo gidan tsofaffin nan kallona ka yi ka ce, "Anti, wa kike nema?" Anti! Shekara arba'in da takwas ina wanke maka safa mai warin mushe, yau ni ce Anti? Dariya na yi a gabanka, ka san hali. Kukan a mota na yi shi, tun daga Worcester har Paarl.

Jikarmu Charné ta ga ina ta ramewa, ta ce sai ta zaga da ni gonakin inabi kwana uku in sha iska. Ni da na san gonakin nan ta ƙofar baya, da kwando a kafaɗa! Kai, da ka gan ni, tsoho. Daga Stellenbosch zuwa Franschhoek, duk gidan abincin da muka shiga sai a ja mini kujera, a shimfiɗa mini farin ƙyalle kamar za a yi mini aski. Wani mai tumbi ya jera mini kofuna biyar, kowanne da giyar da ba ta isa kurkure baki ba, wai in shinshina zan ji ƙanshin ƙasa bayan ruwa. Na ce masa, ɗana, gumin bayana nake ji a ciki. Ya turo mini gwangwani wai in ɗanɗana in tofar. In tofar da abin da muka sunkuya a kansa tun ba a yaye uwarsa ba? Duk biyar ɗin na haɗiye, Allah na gani. Sai ga kifi a faranti mai faɗin faifai, ɗan yanki kamar kunnen ɓera. Ina kifin da kake gasa mana a bayan ɗaki, ka ƙona gefe guda ka ce da gangan ne?

To amma me zan ɓoye maka, hasken idona? Duk abin da na sa a baki toka ne. Na juya in zungure ka da gwiwar hannu mu yi wa mai tumbi dariya, sai iska na zungura. Duwatsu suna nan inda ka bar su, kurangun inabi sun zubar da ganye suna jiran almakashi, komai ya san lokacinsa, kai kaɗai ka ɓace mini alhali kana zaune da rai. Wanda ya mutu an san inda za a kai masa fure. Kai fa, ina zan kai nawa?

A rana ta uku muka isa gonar da ni da kai muka yi wa ƙwadago. Ɗakinmu ya zama masaukin baƙi, layukan inabin da muka yi wa aski duk an tumɓuke su, motoci ke tsayawa a wurin. Amma wardin nan yana nan, Tobias! Wanda ka dasa a kan layi na sha bakwai shekarar da ka fara bina kana tuntuɓe da ƙafarka. Ka tuna abin da ka koya mini ranar? Ka ce ba don ado ake dasa wardi a kan layi ba, shi farar cuta ke fara kamawa kafin ta kai ga inabi, don haka mai hankali ke duba shi kowace safiya. Ka ce ni ce wardinka, in na yi yaushi ka san taka ta zo.

Ashe kai ne nawa, ni kuwa ban duba ba. Ranar da ka ajiye almakashinka cikin tukunyar miya, labari na mai da shi, na ba matan coci suka yi ta riƙe ciki. Ranar da ka ɓata tsakanin shago da gida, kwaikwayon tafiyarka na yi wa jikoki. Cuta tana cin ganyenka a gaban idona, ni ina neman abin ba da dariya. Wayyo bakina! Wace irin mai gadin gona ce ni?

Yanzu ji ɓarnar da na yi. Almakashinka yana jakata tun ranar da aka kai ka. Charné tana ɗaukar hoto, na faki ido na yanko reshe ɗaya na soke cikin riga. Kuma da gangan na ɓata yankan. Kai da ka ce a yanka a karkace, dab da idon toho, don ruwa ya zame kada ya ruɓe, ni a kwance na datse shi, nesa da ido, har bakin ya tauna kamar akuya ta ci. A duniya ba ka taɓa ganin irin wannan yanka ka yi shiru ba. Daga nisan layi goma sai ka ƙwala, "Lenie! Hannu gare ki ko kofato?"

Ran Lahadi zan ɗora maka shi a cinya, in sa maka almakashin a hannu, in ja bakina in tsuke, karo na farko a rayuwata. Likita ya ce kada in sa rai, kuma gaskiya ban sa da yawa ba. Amma don Allah, masoyina, ka dube shi da kyau. Ka ji haushi. Ka zage ni, ka kira ni mai kofato, ka tara mini mutanen gidan duka, in dai da sunana za ka fara.

In kuwa Anti ka sake cewa, to Anti za ta dawo wata Lahadin da wani reshen. Wardin yana da rassa da yawa, mai gadin wurin kuma ba ya gani sosai.

Taka, mai kofato, har ranar da za a tumɓuke mu a layi ɗaya,

Lenie