Mai Ɗaukar Wutar Sparta

Daga sansanin bakin Mashigin Hankaki

Zuwa ga matata Kiloni,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da tsohuwa da dukan mutanen gida. Yaya ƙafar tata? Kada ki bari ta riƙa sauka bakin kogi yankan ciyawar shimfiɗa, ko da za ta zage ki.

Ni lafiya lau, sai hayaƙi da ya sa idona ya yi ja. Wutar da na ɗebo daga bagaden hadayar babban allahnmu Zeus ranar da muka bar Sparta tana nan da ranta a tukunyarta. Ba na riƙe mashi, ba na shiga sahu, nawa dai kada ta mutu. Samari na tsokanata wai ni kaɗai ne namijin da ya zo yaƙi da murhu.

Ƙaton nan mai ido ɗaya da muka fito yaƙa yana nan ya tare mashigin. Labarin da kuka ji game da Maron, wanda allahn yaƙi Ares ya zaɓa, ba ƙarya ba ne. A gabanmu ƙaton ya maka shi da dutse ya mutu murus. Kafin in gama ƙara itace sai ga shi ya fito daga cikin wutata, ko ƙwarzane babu. Mutum ne mai wuyar sha'ani. Ba gaisuwa, ba cin abinci, duk tulun da ya gani sai ya fasa ya duba ciki. Wani lokaci ya tsaya ƙiƙam yana kallon dutse, can kuma ya zabura. Tsoho Eurilon, abokin cin abincina, ya ce akwai hannun da ba a gani da ke juya shi, kuma mai hannun ne kan tashi ya je ban-ɗaki. Mun yi dariya, amma ƙasa-ƙasa.

Abin da ke damuna shi ne duk sa'ad da zai shiga, sai ya sa sahu guda na masu garkuwa a gaba, don ƙaton ya shagala da su shi kuma ya karanci motsinsa. Shi yana dawowa ta wutata. Su ba sa dawowa.

Ɗanmu Labotas yana can sahun baya, hankalinki ya kwanta. Gemu ya fara tsiro masa, yana ta shafawa. A sansani "mai wuta" yake ce mini kamar kowa, amma kullum ina tarar da gutsuren gurasar sha'ir kusa da tukunya, kuma na san ba Ares ne ke ajiyewa ba.

A gaishe da tsohuwa da maƙwabta.

Mijinki,
Nikandaros

*

Zuwa ga Kiloni,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, saƙonki ya iso, gajere kamar kullum: in gaya wa yaro kada ya juya baya. Na gaya masa. Ya yi murmushi ya ce ai ya san uwarsa. Ni ma na san ki. Na san abin da ya kamata uwa 'yar Sparta ta faɗa ke nan, na kuma san inda kike zuwa ki yi kukanki.

Eurilon ya tafi. Sahunsu aka tura shekaranjiya. Ko abin binnewa ba mu samu ba, sai jan mayafinsa da iska ta koro. Tukwanen baƙin romo da ba sa isarmu a da, yanzu saura ake zubarwa.

Na kasa haƙuri, na tare Maron yana fitowa daga wuta. Na ce, "Maron, mutanen nan fa sau ɗaya suke mutuwa." Ya dube ni irin duban da yake wa tulu, ya ce, "Na kusa gane lagon ƙaton. A ba ni wani sahun." Na je gun sarki. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce doka ba ta san ja da baya ba, in koma in kula da tukunyata.

Kiloni, sahun baya ya zama na gaba. Gobe da hantsi, da zarar an yanka akuyar hadaya an ƙona a wutata, su Labotas ne za su shiga.

Na same shi ɗazu yana taje gashi yana shafa man zaitun, shi da abokansa, kamar masu shirin biki. Ya ce, "Mai wuta, gobe ka hura ta da kyau, kada ka ba mu kunya da hayaƙin nan naka." Suka kwashe da dariya. Ban san lokacin da na kama hannunsa na ce "ɗana" ba. Ya zare hannun a hankali ya ce, "Haba Baba, mutane fa na kallo."

Tun yana ɗan shekara bakwai aka raba mu da shi aka kai shi horo, ban ce uffan ba. An yi masa bulala a gaban bagade har jini ya zuba, na tsaya ina alfahari. Da a ce yaƙi zai shiga, sahu da sahu, da ni zan gyara masa garkuwa. Amma wannan ba yaƙi ba ne. Wani ne ke koyon darasi da 'ya'yan mutane. Ina jin tsoro, kuma ke kaɗai zan iya faɗa wa.

Ki roƙi alloli, ban san me zan ce ki roƙa ba.

Naki,
Nikandaros

*

Daga kan hanyar gida

Zuwa ga Kiloni, uwar Labotas,

Ina gaishe ki, ina fatan kina lafiya, tsohuwa ma haka. Kafin komai: yaronki yana da rai. Ki zauna ki karanta sauran.

Da hantsi aka jera su, masu sarewa suka fara busa, aka kawo akuya. Na ɗauki tulun ruwa na juye a tukunyar wuta, a gaban sarki da kowa. Kin san doka. In babu wutar gida babu hadaya, in babu hadaya babu sahun da zai ɗaga ƙafa. Kowa ya ji ƙarar toka tana shan ruwa.

Maron ya zo ya daɗe yana kallon tukunyar. Ya gane cewa in ya faɗi yau, ya faɗi ke nan. Ya shiga mashigin shi kaɗai, a karo na farko yana taka ƙasa a hankali, yana kauce wa dutse, yana jiran lokacinsa kamar mai rai ɗaya. Kafin rana ta take, ya fito yana jan kan ƙaton.

Ashe tun farko zai iya. Eurilon da duk sauran, a banza. Na ɗauka wani zai faɗi haka, amma ba wanda ya faɗa. Abin da ake cewa shi ne na kashe wutar Zeus, na kuma hana samari rabonsu na suna.

Ba a zubar da jinin mai ɗaukar wuta, don haka sarki ya yanke mini hukuncin matsorata. An karɓe jan mayafina an ba ni mai faci-faci. Ba zan ƙara zama cin abinci da maza ba, ko yaro ya shigo sai in tashi in ba shi wuri, kuma ba gidan da zai sam mini garwashi. Saura aske rabin gemu. Sarki ya tambaya wa zai yi. Labotas ya fito ya karɓi askar.

Kada ki yi fushi da shi. Da bai fito ba, da abin ya shafe shi, ba mai ba shi auren 'ya, ba mai tsayawa kusa da shi a sahu. Ya kama haɓata ya ce da ƙarfi don a ji, "Ɗaga kai, matsoraci." Ya yi aikin tsaf, ko yanka bai yi mini ba. Tun daga nan bai ƙara kallona ba, ba na kuma tarar da gurasa.

Ga abin da nake roƙonki. In mun iso zan zauna a tsohuwar bukkar awaki ta bayan gari. Wata rana sanyi zai kai ni ƙofarki neman wuta, na san kaina. Ki hana ni, ki ɗaga murya yadda maƙwabta za su ji. Ki yi don yaro.

Ba na nadama, kada ki ɗauka ina yi. Sa'ad da yake aske ni, tafin hannunsa yana kan kumatuna. Shekara da shekaru ina gadin wuta, Kiloni, ban taɓa jin ɗumi irin na hannun nan ba.

Ki gaishe da tsohuwa. Ki ce mata jikanta na nan tafe da ƙafarsa.

Mijinki har yanzu, in kin yarda,
Nikandaros