Ɗoɗɗoyar Bakin Famfo

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya da iyali. Jikin Mama sai a hankali. Idon ya tafi gaba ɗaya, yanzu da hanci take gane komai. Abu ɗaya take ta nema: ɗoɗɗoyar da ta shuka a bakin famfon gidanmu tun muna yara, wadda ke zubar da iri ta sake fitowa da kanta. Tunda gidan yana hannunka, don Allah ka tsinko reshe biyu ka aiko ta shaƙa.

Ka huta lafiya,
Ƙanwarka

Ƙanwata,

Bayan gaisuwa, ga ɗoɗɗoyar nan a kwali, ɗanya shar. Aiki ne ya riƙe ni. A gaishe da Mama.

Yayanki

Yaya,

Ina gaisuwa, amma raina a ɓace yake. Mama ta murza ganyen, ta kai hanci, ta ajiye. Ta ce, "Wannan ta kasuwa ce. Tawa ƙanshin lemon tsami take yi." Sai ta juya ta fuskanci bango.

Na tambayi matarka, ta faɗa min gaskiya. Ashe ciyawar ado ka shimfiɗa irin ta maƙwabta, ka sa aka fesa magani a kan duk abin da ya tsiro ba da izininka ba, wai kada a ce gidanka daji ne. Sannu, ɗan birni! Feshin bai ƙona min rai kamar ƙaryar ba. Makauniya ka yi wa wayo, Yaya, kuma uwarka ce.

Ƙanwarka

Ƙanwata,

Ya ƙarin haƙurinmu? Ranar jana'iza ko kallona ba ki yi ba, kuma ban ga laifinki ba. Kunya ce ta sa na sayo waccan.

Jiya bayan an ɗauke ruwa na ga guda ɗaya ta tsiro a gindin famfo, inda maganin bai kai ba. Na murza, ƙanshin lemon nan ne. A wurin na durƙusa na yi kuka. Na hana mai yankan ciyawa zuwa kusa da ita. In sa miki a tukunya in kawo?

Allah ya jiƙan Mama,
Yayanki

Yaya,

Amin. Kada ka kawo. Wadda ta neme ta, wata biyu ta yi tana ɗaga hanci tana shinshinawa duk lokacin da aka turo ƙofa. Ka bar ta nan gindin famfonka, kai za ka riƙa shaƙa.

Ka huta lafiya,
Ƙanwarka