Takardar da na jefa a akwatin Malama

Assalamu alaikum. Mai kula da shafi, a sakaya sunana. Masu zagi kuma ku daure ku kai ƙarshe tukuna, don na san halinku, layi biyu kuke karantawa ku fara tura mutum wuta kamar makullinta na aljihunku.

Ni ma'aikaciyar gwamnati ce, ina zaune a Kurmin Mashi. Asabar da Lahadi ina zuwa Islamiyyar matan aure ta unguwarmu. Malamarmu yarinya ce, wallahi na haife ta, amma bakinta ya girme ta. Wata Asabar ta tsayar da ni karatu a Suratur Rahman, na yi tuntuɓe a wata aya, sai ta ce a gaban kowa, "Hajiya, a ofis ke ce oga, a nan kuwa 'yan aji ɗaya sun fi ki. Da Turanci ne ai da tuni kin zuba." Aji ya kwashe da dariya. Ni? Da jikokina? Na koma gida ko abinci ban iya ci ba, na ce sai na nuna wa matan nan ita ma fanko ce.

Akwai wani akwatin katako a bakin ƙofar ajinmu. An ajiye shi ne don tambayoyin da mace ke jin nauyin yi da baki, na haila da wanka da zaman aure. Ki rubuta ba suna ki jefa, ranar Lahadi Malama ta buɗe ta karanta ta amsa. Da shi na yi amfani. Na rubuta cewa a Suratur Rahman an ce Allah Ya sa shamaki tsakanin tekuna biyu ba sa ƙetare juna, a Infiɗari an ce za a ɓarke tekuna su haɗe, a Takwiri kuma an ce za a hura su su zama wuta, to wanne za mu ɗauka, shamakin yana riƙewa ne ko ba ya riƙewa? Kada wani ya ɓata lokacinsa yana min bayani, na san amsar tun kafin in ɗauki biro. Na farko zancen duniya ne, sauran na ranar alƙiyama, kuma Wanda Ya sa shamakin Shi zai ɗage abinSa ranar da Ya so. Imanina lafiyarsa ƙalau. So nake kawai in ga ta yi inda-inda.

Ta kuwa yi. Ta karanta sau biyu, ta juya bayan takardar, gumi ya keto mata, raina ya yi fari tas. Amma maimakon ta ce ba ta sani ba za ta tambayo, sai ta buga tebur ta ce wannan ba tambayar musulma ba ce, irin abin da ake kitsa wa mutum ne a turo shi cikinmu. Ba ta kama suna ba, amma duk ajin ya waiga wajen Maman Ummi.

Maman Ummi musulunta ta yi, daga ƙetaren kogi aka auro ta, danginta kaf sun yanke ta saboda haka. Ba ta da kowa a nan sai mijinta da ajin nan. Ta miƙe ta ce, "Wallahi Malama ba ni ba ce." Wata daga baya ta ce, "Wa ya kira sunanki? Ke kika tsargu." Ni kuwa ina zaune ina jan carbina.

Yau mako uku. An cire Maman Ummi daga guruf ɗin ajinmu na waya. An yi suna a layinsu ba a gaya mata ba. Uwar mijinta ta ce dama ta faɗa tun farko, kuma ta matsa wa ɗanta lamba ya sallame ta. In ya sake ta ina za ta nufa? Wajen waɗanda suka ce ba su haife ta ba?

Ina jin kunya, ba na musu. Amma in faɗa muku gaskiya, har yanzu haushin Malama ya fi min haushin kaina. Da ta iya bakinta da duk ba a zo nan ba. Su kuma munafukan matan nan da ke rungumar baiwar Allah suna kiranta 'yar'uwa, ashe jira suke. In na fito na ce ni ce, haka za su yi min rubdugu, ga maigidana ɗan kwamitin masallaci ne, da wane ido zai kalli jama'a?

Jiya bayan la'asar sai ga Maman Ummi a gidana, ta rame kamar wadda ta tashi daga jinya. Ta durƙusa ta ce, "Hajiya, ke babba ce, kuma kin saba da takardun ofis. Kwamitin makaranta zai zauna ranar Asabar, takardar na hannunsu. Don Allah ki zo ki duba rubutun, ki gaya musu ba hannuna ba ne. Ke za su yarda da ke." Na ce mata in sha Allahu. Ta yi ta sa min albarka har ta kai bakin ƙofa.

Yau Alhamis. In na ce ba hannunta ba ne, za a ce to na wa ne. Jama'a, me zan yi?