Ƙahon da Na Sa Aka Yi wa Habu

Yaya Sale,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya ruwan Fatakwal? Ya maiɗakinka da yara? Mu a Fammar sai godiya, amma ƙaninmu Habu ba lafiya.

Tun damina yake haki a gona. Na ce mataccen jini ne, na kira wanzami ya yi masa ƙaho. Tsagar ta kwana biyu tana zubar da jini.

A asibiti a Rano likita ya ja fatar idonsa, cikin fari fat. Jan bakinsa da muke cewa goro ne, ashe dasashi ke jini. Ya danna jajayen ɗigo-ɗigon ƙwaurinsa, ba su ɓace ba.

Ya ce, "Wa ya sa aka tsaga shi?" Na sunkuyar da kai.

Yana zargin ɓargonsa ya daina yin jini, ya tura mu Kano gwaji. Ya kuma tambaya ko yana da 'yan'uwa na ciki ɗaya, don wataƙila a buƙaci ɓargon ɗayansu. Mu biyu ne kawai, Yaya.

Ka gaida kowa, ku sa shi a addu'a. Ka zo gida, kada ka jira sallah.

Ƙanwarka,
Hadiza