Dalmar da Ke Cikin Bindigarka

Assalamu alaikum, Baba. Bayan gaisuwa irin wadda ta kamaci 'ya ga mahaifinta, ina roƙon Allah ya sa kana cikin rahamarsa. Ni ce Hadiza, autarka, nake rubuto maka daga Nasarawa, Birnin Kebbi.

Zan fara da laifina, don na san da kana raye shi za ka fara tambaya. Na taɓa bindigarka. Ba ma taɓawa kaɗai ba, kwana huɗu tana ɗakina.

Ka tuna yadda kake wanke ta a zauren gidanmu na Gulma duk ranar da ka dawo daga korar dorina a fadamar shinkafa? Kai da Yaya Sani kuna kan buzu, ni kuma ina bakin ƙofa. Na taɓa miƙa hannu zan ɗauko maka tsumma, ka ce: "Wanga aiki ba na ɗiya mace ba na. Hannunki na karya mata laƙani." Na janye hannuna, amma idona bai janye ba. Yaya kuwa hamma yake yi.

Da ka rasu, shi aka ba. Ba wanda ya yi gardama, ni ma ban yi ba.

Ka san abin da ya yi da ita? Duk bikin da aka yi tsakanin Gulma da Argungu sai ya je ya harba, a yi masa guɗa. Da harsashinka ya ƙare, sai ya riƙa karɓar dalmar birgi wurin masunta, wadda suke ɗaura wa raga don ta nutse, yana narkawa yana yin harsashi da ita. Kai da bakinka ka hana shi wannan, ka ce taushi gare ta, shafewa take a cikin bututu. Shekara shida bai zura mata ko tsumma ba.

Bana aka yi sanarwa kowa ya miƙa wa hukuma bindigar da ke gidansa. Da na je gida na ɗaga ta ga hasken rana kamar yadda kake yi. Baba, layukan nan da ke murɗe a ciki babu ko ɗaya, duk dalma ta cike su. Haka za a kai ta gaban maharban da suka san ka, su leƙa, su ce ga abin da gidan sarkin baka ya zama. Abin ya ci mini rai, na naɗe ta a tabarma na taho da ita.

Na toshe gindin, na zuba kananzir ya jiƙa. Na naɗa zaren soson tagulla a jikin sandarka ta ƙarfe, na yi ta zurawa ina jawowa. Dalmar ta riƙa fitowa kamar ɓawon kifi. Tafina ya yi kanta, yaran da nake koyarwa har suna tambaya ko daka na yi. A rana ta huɗu na shafa man keken ɗinki, na leƙa, na ji muryarka: "In kag ga haske ya hita tas, ta wanku." Ya fita tas.

Na mayar da ita Gulma, jiya aka miƙa. Ina tsaye can baya tare da mata. Malam Garba, tsohon abokin farautarka, ya karɓa, ya ɗaga ta sama, ya daɗe yana kallo. Sai ya dafa kafaɗar Yaya, ya gaya wa jama'a cewa ɗanka ya gaje ka, hannunka ne sak. Yaya ya sunkuyar da kai yana murmushi, bai ko waiwayo ba.

Na ji zafi, ba zan ɓoye maka ba, kuma ba Yaya kaɗai nake jin haushi ba. Ka yi ta koyar da wanda ba ya ji, mai jin tana bakin ƙofa ka kore ta. Duk da haka, Babana, da Malam Garba ya ambaci hannunka sai da na yi kuka, don na yi kewar hannun nan.

Allah ya haskaka makwancinka, ya yafe maka, ya yafe mini idan na karya laƙanin. Sunanka dai ya fita lafiya.

'Yarka ta bakin ƙofa,
Hadiza