Zuwa ga Malam Isiyaku, Baturen da Ba Ya Zana Mutane

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ya Malam Isiyaku. Na san a can ƙasar Suwidin iyayenka sun raɗa maka suna Isak, amma a Minna ba mu bar maka wannan suna ko na mako ɗaya ba.

Jiya takardar ƙanwarka ta iso, ta ce ka rasu tun farkon damina. Ni ne dai tsohon tafintanka, malamin makarantar nan da ka ce ya fi littattafansa surutu. Akwai maganar da na riƙe, kuma na zaɓi lokacin da ba za ka iya ba ni amsa ba. Ka san jarumtata.

Ka zo mana bayan samun 'yancin kai, da akwatin fenti da ƙamus ɗin Hausa wanda ya girme ka. Ka ce ƙasarku fara ce wata shida saboda dusar ƙanƙara, ka gaji da sayen farin fenti. Ka zana duwatsunmu, ka zana kogin Chanchaga, ka zana kunyoyin doya a Garatu. Ko mutum ɗaya ba ka taɓa sawa a ciki ba. Ka ce mutane ba sa tsayawa wuri guda.

Ka tuna ranar da ka gama zanen kwatas ɗin ma'aikatan jirgin ƙasa? Gidaje a jere, ƙofofi a buɗe, igiyar shanya ba ko riga. Jama'a sun taru suna kallo, ni kuma ina son a yi dariya, sai na ce wanda ya zana unguwa babu mutane, ai wannan ba zane ba ne, fata ne. Ka buɗe ƙamus, ka ce a'a, yadi ne, ba fatar akuya ba. Aka yi ta dariya, kai ma ka yi, ba ka san fatan tsiya nake nufi ba.

Ba a daɗe ba tarzoma ta zo. Inyamuran kwatas, waɗanda suka tsira, suka cika taragai zuwa Gabas. Na bi ta unguwar bayan kwana uku. Ƙofofi a buɗe, igiya ba riga.

Daga nan maganata ta fita hannuna. Aka ce duk inda ka zana sai ya zama kufai. Manoman Garatu suka tare ka da fartanya a bakin gona. A Maikunkele aka zubar maka da fenti a kwata. Mai gidan da kake haya ya ce ka tashi, wai ɗansa zai yi aure. Ka tambaye ni me ka yi musu, na ce maka jahilci ne kawai. Ranar da za ka koma ƙasarku na raka ka tasha har da ɗaukar maka akwati, ka ba ni zanen kwatas ɗin domin, in ji ka, ni kaɗai ne ban guje ka ba.

Bayan yaƙin basasa Emeka mai gyaran inji, ɗaya daga cikin mutanen kwatas ɗin, ya dawo shi kaɗai. Ya tarar da wasu a gidansa, ya zo wurina. Ya tsaya gaban zanenka yana nuna ƙofa ɗaya bayan ɗaya, yana kiran sunayen masu gidajen. Da ya gama ya ce gara da Baturen bai sa su ba, don da ya sa su, da shi bai iya kallo ba.

Isiyaku, abokina, ni ne na fara. Ba manoma ba ne, ni ne, mai karatun. Ka yafe mini in ana yafewa daga can.

Allah Ya sa ƙasar da ka kwanta ta yi maka sauƙi, Ya tsare bakina a sauran kwanakina.

Naka,
Haruna, tafintan da ya bar kalma ɗaya bai fassara maka ba.